Ragon Godiya

Asabar, 6 ga Fabrairu, 2021

Ya dawo. Shekaranjiya da la'asar mota ta sauke mu a ƙofar gida, ni da shi da tabarma da buta. Agali. A takarda dai ina iya rubuta sunan tunda ba mai ji. A baki kuwa Baban Zuhura ne har in mutu.

Wannan kaye, littafin rubutu, yana cikin waɗanda suka rage mini tun ina koyar da mata a ajin yaƙi da jahilci. Gara in riƙa zuba abin da ke cikina a nan. In na faɗa wa maƙwabta da safe, kafin azahar ya kai garinmu Kornaka.

Korona. Da a rediyo muke jin ta, muna cewa ciwon masu hawa jirgi ne. Sai ga ta a ƙirjin dillalin shanu na Dakoro, mutumin da ko ciwon kai bai taɓa kwantar da shi ba. Makonni yana kwance a babbar likita, wato asibitin Maradi, da robar iska a hanci, ni ina waje gindin bishiyar bedi, ba a barin kowa ya shiga. A gindin bedin nan na yi wa Allah alkawari: in ya fito da ƙafarsa, zan yanka ragona in ciyar da unguwa.

Da za a sallame mu lokotoro mai duba shi ya ce lalle a mayar da shi bayan wata guda, a yi hoton ƙirji, a duba jini da zuciya. Na ce to. A ranar ko cewa ya yi in kawo masa raƙumi zan ce to, in dai zai ba ni mijina.

Ban manta abin da na tarar ba sa'ad da na zo gida ɗaukar kaya yana kwance. An hana yara shiga ɗiban wuta. Cukun da na aika kasuwa ya dawo yadda ya tafi. Matar da muka yi shekaru muna aron turmi ta gaishe ni ta saman katanga, gyale a hanci. Ban riƙe kowa ba, tsoro ne. Amma ba na so in sake ganin irin ranar.

Alhamis, 11 ga Fabrairu

An yanka.

Ragon nan daga tsatson tunkiyar da Inna ta haɗo ni da ita yake, ranar da aka kawo ni gidan nan. Duk farin da aka yi, duk yunwa, ban bar irin ya yanke ba. Bara uwarsa ta ci leda ta mutu, shi kaɗai ya rage. Da aka kayar da shi na shiga ɗaki na yi abin da zan yi, na wanke fuska na fito.

Gida ya cika maƙil. Liman, abokan dillancinsa na kara, kasuwar shanu, mata, har mai gyale a hanci. Yau ba gyale, ta ci ta kuma ƙulle wani a gefen zane. Barka da arziki, barka da arziki, har muryata ta dushe. Na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya don na zaure su ji: “Ya warke sarai! Ko tari babu!” Mata suka rangaɗa guɗa.

Shi kuwa yana zaure cikin shuɗin rawaninsa, ya yi kyau kamar ba shi ba ne ya rame. Jimrau, amininsa tun suna samari, sai tsokanarsa yake: “Kun ga Buzun ga? Mutuwa ta taya, shi ko ya ce mata albarka.” Aka yi ta dariya.

Bayan an watse na ga ya dafa bango zai tashi, ya koma ya zauna. Gajiyar baƙi ce.

Talata, 16 ga Fabrairu

Cuku ya ƙare tun kafin hantsi, har da masu cewa a ajiye musu na gobe. Alhamdulillahi.

Lahadi, 21 ga Fabrairu

Daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya a gindin rumbu kamar yana duba wani abu. Ba abin da yake dubawa. Na sani, shi ma ya san na sani.

Na samo dabara. Masu zuwa gaisuwa ba su ƙare ba, to kafin su zo sai in zaunar da shi, in cusa matashi tsakanin bayansa da bango, in hura gawayi in ɗora shayi. Na ce masa: ka riƙe kofin a hannu, in numfashi ya yanke maka a tsakar magana ka kai baki. Ba mai zargin Buzu don ya tsaya kurɓar shayi. In ya daɗe bai ci gaba ba, ni nake ƙarasa masa daga bayan ƙofa, kamar katsalandan irin na mata. Ya dube ni ya ce, “Malama, har yanzu ba ki bar koyarwa ba.”

Wai yau ni ce nake ƙarasa masa magana! Farkon ganina da shi a kasuwar Kornaka ne, ina taya Inna sayar da fura. Ya koro shanu a ƙafa tun daga Birnin Lalle, ya sha furar a tsaye, bai bar ni na sa baki ba. Ya kushe nonon, ya kushe geron, ya kushe ludayin, sannan ya miƙo ƙwarya ya ce a ƙara. Duk ranar kasuwa haka. Baba ya ce Buzun nan ƙafarsa ba ta gajiya, bakinsa ma haka, Allah ya ji ƙan wadda za ta aure shi. Ina bayan zana ina ji, ina cewa amin a zuci.

Ranar neman auren ma shi ya yi wa kansa dillanci. Kawunsa da aka ɗauko takanas don ya yi magana ya zauna yana jan carbi har aka tashi.

Alhamis, 4 ga Maris

Yau ne randebu, ranar komawa wurin lokotoro. Ba mu je ba.

Yaya za a yi? Na tara gari na ce ya warke, an ci, liman ya yi addu'a, kowa ya shafa. Sannan a gan mu mun nufi tasha da tabarma da buta? Ko a ce ƙarya na yi, ko a ce ciwon ya dawo a sake toshe hanci. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Na gode wa Allah a gaban mutane, in na koma likita kamar na ce masa aikinsa bai cika ba. Wanda aka yi wa yankan godiya ba ya komawa neman magani. Haka muka taso muka gani.

Na tambaye shi. Ya ce, “Yadda kika gani.” Shi da ko sayen gishiri sai mun yi gardama.

Litinin, 8 ga Maris

Zuhura ta buga waya, autarmu da ke aure a Maradi. “Inna, randebu ya wuce hwa. Na je na zauna har rana ta yi tsaka ban gan ku ba.” Na ce babanki lafiya lau, jiya ma tuwo ya cinye malmala biyu. Ta ce in ba shi wayar. Na ce ya fita. Yana zaune a gabana yana kallona. Sai ta ce, “To ni dai na kira Kamilu.”

Kamilu infirmiye ne, mai aikin jinya a likitar gari. Uwarsa a ajina ta koyi rubuta sunanta, ban ga ranar da zai zo ya koya mini abu ba. Da la'asar sai ga shi a kan moto mai ƙafa biyu da farar riga. A ƙofar gidana! Na tare shi tun a bakin zaure kafin unguwa ta gama leƙe.

“Inna Malama, ba ɗaukatai za ni yi ba. Ɗan abin ga za ni maƙala mishi ga yatsa in ga iska, in taɓa ƙahwahu, shi ke nan.” Na ce ai ya warke, ko ba ka ci naman ba? Ya sunkuyar da kai ya ce ya ci. Ya ce korona ta tafi, gaskiya ne, amma kamar fara ce, in ta tashi daga gona sai an shiga an duba abin da ta bari. Wani huhu, wani zuciya, wani jini.

Na ce yana barci. Na ba shi cuku ya kai wa uwarsa, na ce in zai sake zuwa gaisuwa ya bar farar rigar a likita. Bai ja da ni ba, ya juya motonsa.

Alhamis, 11 ga Maris

Zafi ya fara. Ba ya iya kwanciya miƙe, sai na jingina masa matasai. Da ma can ba mai son kwanciya ba ne.

Juma'a, 19 ga Maris

Ya ce yau sai kara, ya gaji da zama kamar mai jego. Na ji daɗi ƙwarai. Na goge masa riga, na tsaya a ƙofa ina kallon bayansa har ya sha kwana, don maƙwabta su ga ina kallo.

Kafin azahar sai ga su a amalanken jaki, shi da Jimrau. Jimrau ya riga ni magana: “Gwiwata ce ta matsa mini, na ce mu hau.” Jimrau da ke zuwa gona a ƙafa kullum.

Da muka shiga ciki na tambaye shi yadda ciniki ya yi. Ya daɗe yana mayar da numfashi. Ya ce ya riƙe hannun mai saye zai fara magana, saniya guda ta yi kuka ta rufe shi. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Da, in iska ta juyo daga wajen kara nakan ji muryarsa ina daka a tsakar gida. Ba na jin kalmomin, amma ina gane ko ciniki ya faɗa ko bai faɗa ba, in san irin miyar da zan ɗora.

Ƙafarsa ta hagu ta kumbura daga ƙwauri zuwa idon sawu. Na gasa da ruwan ɗumi na murza da man shanu.

Asabar, 20 ga Maris

Takalmin hagu ba ya shiga. Fata ce, zafi ya tsuke ta.

Talata, 23 ga Maris

Yau tun safe tunanin Tarka nake.

Daminar farko bayan aurenmu ya kai ni wurin danginsa a kwarin Tarka, tun garken ubansa yana nan, kafin babban fari ya share shi su dawo gari. Ni ƴar manoma, ban taɓa kwana inda ba katanga ba. Matan suna ta yi mini dariya don na tambayi inda rumbu yake. A can surukata ta koya mini cuku, tana buge mini hannu in na yi shi da kauri. Ƙasa kore shar, nono har a rasa ƙwarya.

Wata safiya wani bijimi ya tsinke igiya ya yanki daji. Duk samarin suka tsaya neman raƙumi, shi ko ya ɗaure bakin rigarsa a ƙugu ya bi shi a ƙafa. Na ga ya haye tudu ya ɓace. Sai da rana ta karkata ya dawo yana jan bijimin, yana waƙa da yarensu, wai ma bai ƙoshi da gudu ba. Ya zo wucewa ta gabana ya ce, “Ɗiyar Kornaka, ruwa.” Na zuba masa cikin kunya da alfahari.

Wancan mutumin nake so a mayar mini. Ina kewarsa alhali ga shi zaune a gabana yana gyangyaɗi. In na kai shi Maradi za su ba abin suna, in suka ba shi suna ya zauna ke nan. Yanzu dai gajiya ce, gajiya kuwa tana wucewa.

Zuhura ta buga, ban ɗauka ba.

Alhamis, 1 ga Afrilu

Ya fita sallar azahar masallacin unguwa. Na ji an daɗe da kiran salla ba a tayar ba, sai na leƙa ta ƙofa.

Yana zaune a ƙasa a tsakiyar hanya, ya jingina da katangar mutane, cikin rana, rawani ya zame. Jimrau ya tsuguna kusa da shi yana zane a rairayi da yatsa, kamar suna lissafin shanu. Mutane suna wucewa suna sallama, ba mai tsayawa, ba mai duban fuskarsa. Kamar an saba. Na koma ciki da sauri.

Bayan la'asar Jimrau ya yi sallama ya ce da ni yake son magana. Ya tsaya a bakin zaure, ya ƙi zama.

“Malama, ki bar ni in hwaɗi, in kin so ki kore ni. Tun watan jiya liman ke jinkirta salla har shi iso. Tsohon da ya saba tsaida mu har gwiwa ta yi rawa, yanzu gajerun surori shike ja. A kara in ya buɗa baki kowa rage murya shike. Wurin ga da kika gan shi, kullum nan shike zama. Dut mun gani.”

Na ce to me ya hana ku faɗa, ku da bakinku ba ya rufuwa?

“Mun ci naman. Wanda ya ci ragon godiya da wane baki za shi ce ba a warke ba? Ke kika ɗaure mu, ke za ki kwance.”

Haushi ya turnuƙe ni. Na ce to ku amayo shi mana, tunda ya tsaya muku a wuya. Ya share ido da hannun riga, ƙaton tsoho, ya tafi.

Ashe ni kaɗai nake ɓoye abin da duk Dakoro ke taya ni ɓoyewa. Kunya ta ishe ni, ko tuwo ban iya ci ba.

Juma'a, 2 ga Afrilu

Da hantsi na kai masa kunu, na zauna a bakin tabarmarsa, abin da ban saba ba. Na ce, tun yaushe? Ya ce tun kafin yanka. Ya ce in ya kwanta ji yake kamar an aza masa buhun gero a ƙirji, ƙafar kuma zafi take yi ta ciki.

Na ce ka gani kana yi mini shiru, kai da ba ka iya shiru ba?

Sai da ya huta sau biyu kafin ya gama. “Ragon Innarki ne. Na ga lokacin da kika shiga ɗaki. Da wane ido za ni ce miki ya tahi banza?” Can ya ce, “Raudatu, tsoro nike ji.”

Rabon da ya kira sunana tun ana goyon Zuhura.

Na ce wa ya ce maka ya tafi banza? Alkawarin da na yi, ka fito da ƙafarka ne, ka kuma fito. Ban ce da gudu ba. Allah ya san abin da na faɗa a gindin bedi, sauran ni na ƙara da bakina a tsakar gida. Ina faɗa ina faɗa, kamar shi ya yi laifin. Ya bar ni na gama.

Na aika aka kira Kamilu. Ya zo da farar rigarsa, bai cire ba, ni ma na ƙyale shi. Ya maƙala abin a yatsa, ya taɓa ƙafar, fuskarsa ta sauya. Ya tambaya ko ana murzawa. Na ce kullum, da man shanu. Ya ce, “Inna Malama, don Allah kar a sake taɓa ta.” Ya ce ba za a jira Litinin ba, gobe da safe, shi zai buga waya can su san da zuwanmu.

Asabar, 3 ga Afrilu

Jimrau ya kawo amalanke. Na so mu bi ta lungu, jakin ya fi ni ra'ayi, ya miƙe ta babbar hanya. Mata suka fito ƙofa ƙofa, Allah shi ƙara sauƙi, Allah shi maido ku lahiya. Wata ta cusa mini dabino a jaka. Ba wanda ya toshe hanci, ba wanda ya ambaci rago.

Talata, 6 ga Afrilu, Maradi

Gindin bedin yana nan, amma wannan karon an bar ni na shiga.

An yi hoton ƙirji, an ɗibi jini, an shafa wani abu mai sanyi a ƙafar an duba ta a talabijin. Lokotoro ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙwauri, abin da yakan biyo bayan korona da doguwar kwanciya. In gudan ya ɓalle ya haura huhu, mutum yakan faɗi yana tsaye. Na tuna yadda nake danna wurin da babban yatsa ina cewa zai sace.

Huhun kuma akwai tabo a gefe biyu, zuciya ta gaji da ja. Allura a ciki na ƴan kwanaki, daga nan ƙwayoyi na watanni, ba fashi. Duk wata a zo nan, tsakani Kamilu ya riƙa dubawa a gida. An koya masa hura iska ta tsinken roba cikin kwalbar ruwa. An ce ya riƙa tafiya kullum, amma kaɗan kaɗan, ya taka ya huta ya ƙara, kar ya jira sai numfashi ya yanke.

Lokotoro bai yi mini faɗa ba, ya ce mutane da yawa haka suke yi, da an sallame su sai su ɗauka an gama. Zuhura ma ba ta yi mini gori ba, tana ta yi mini ladabi, Inna ga ruwa, Inna ki zauna. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A bencin jira duk irinmu ne. Wata malamar lakwal, makarantar boko, yarinya ɗanya, gashinta yana zuba, ta ce takan tsaya gaban allo ta manta abin da za ta rubuta. Wani direba ya ce har yau ba ya jin warin esansi, man mota, matarsa ce take shinshina masa abinci. Duk an yi musu barka da arziki.

Da za mu fito na koma ni kaɗai na tambayi lokotoro: zai koma yadda yake? Ya ce wasu suna komawa, wasu rabi, ba zai yi mini alkawari ba. Na ce ba ka san shi ba ne, ya taɓa kamo bijimi a ƙafa. Ya ce Allah ya sa. Ɗan cikina ne a shekaru, amma kallon tausayi ya yi mini.

Laraba, 14 ga Afrilu

Mun dawo gida. An kama azumi. Lokotoro ya ce ban da shi bana, liman ma ya ce haka. Yana juya fuska bango in zai sha maganin rana, kamar ina iya kai ƙararsa.

Asabar, 17 ga Afrilu

Yana hura kwalbarsa a zaure, Jimrau na gefe yana cewa Buzu ya koma shan nono. Na daina ɗora shayin baƙi, azumi ake. In magana ta yanke masa yanzu jira ake har ya ɗauko ta da kansa. Bakina yana ƙaiƙayi, ina riƙewa.

Ƙafar ta fara sacewa. Kamilu ya ce ana kan hanya.

Alhamis, 22 ga Afrilu

Na je na roƙi mai katangar nan da ke tsakanin gidanmu da masallaci, ya ba ni izinin yin dakali a jikinta. Na ce masa don masu wucewa ne, unguwar ba ta da wurin zama, tsofaffi suna wahala. Ya ce gaskiya ne Malama, Allah shi ba da lada. Bai yi murmushi ba, na gode masa da wannan.

Zakariya magini ya zo ya auna. Na sa ya ɗaga shi daidai yadda mutum zai tashi ba sai ya dafa ƙasa ba, ya kuma kafa itace biyu a ɗora zana don inuwa. Yana tattara igiyarsa ya tambaye ni, na laka ko na siminti? Ya ce na laka ya fi sauri, kuma in na ɗan lokaci ne ya isa, zai kai damina, ruwan farko ko na biyu ya wanke shi a manta an yi.

Na daɗe ina kallon wurin. Har ya ɗauka ban ji ba, ya sake tambaya.

Na ce ya yi na siminti. Laka tana ɓata riga, shi ya sa.